Agogon Tsuntsu: Yadda Aku, Kaza da Zabo Ke Gane Lokaci

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, tun kafin agogo ya shigo ƙasar Hausa carar zakara ce ke tashin mutanen gida da asuba, zuwan shamuwa kuwa shi ke sanar da cewa damina ta ƙarato, a fito da iri. Kakanninmu sun amince da waɗannan tsuntsaye domin sun ga ba su cika saɓa lokaci ba.

A yau kiwon kaji ya zama babbar sana'a a Yankin Babban Birnin Tarayya, musamman a Kuje da Gwagwalada da Bwari da Kwali da Abaji. A cikin birnin Abuja kuma gidaje da dama suna ajiye aku ko tsirya ko kanari ko tantabara domin sha'awa. Dukkan waɗannan tsuntsaye suna zaune ne a ƙarƙashin rufin da mutum ya yi, da fitilar da mutum yake kunnawa. Ke nan mai kiwo ne yake gaya musu lokaci, ko ya sani ko bai sani ba. Idan ya gaya musu daidai, kaza ta yi ƙwai, aku ya zauna lafiya. Idan ya rikita musu, asarar a aljihunsa take ƙarewa. Wannan ƙasida za ta bayyana maka yadda tsuntsu ke gane lokaci, da yadda za ka yi amfani da wannan sani a gidanka ko a gonarka.

Agogon cikin jiki

Kowane tsuntsu yana da wani tsari a jikinsa da ke zagayawa sau ɗaya a cikin kimanin awa 24. Shi ke sa masa barci da farkawa da jin yunwa. A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan suka ajiye zakaru a ɗakin da ba ya samun hasken rana. Da aka tsara musu awa 12 na haske da awa 12 na dishi-dishi, sai suka riƙa fara cara kimanin awa biyu kafin a kunna fitila. Da aka bar su cikin dishi-dishi dare da rana, sai suka ci gaba da cara a kan kari, sau ɗaya a cikin awa 24 ba kaɗan. A 2015 waɗannan masana suka ƙara gano cewa zakaran da ya fi ƙarfi a garke shi ke fara cara, sauran su biyo baya bisa matsayinsu. Ashe zakara ba ya jiran ya ga alfijir, jikinsa ne ke gaya masa gari ya kusa wayewa.

To amma agogon nan ba ya cika awa 24 cif. Shi ya sa yake bukatar saiti kullum, kuma abin da ke saita shi shi ne fitowar haske da shigowar duhu. A cikin ƙwaƙwalwar tsuntsu akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadarin melatonin idan dare ya yi, ya daina idan gari ya waye. Wani abin mamaki kuma, tsuntsu yana jin haske ta ƙoƙon kansa, ban da idanunsa. Masanin nan na ƙasar Faransa, Jacques Benoit, ya nuna a shekarun 1930 cewa agwagin da idanunsu ba sa gani suna shiga yanayin barbara muddin haske yana sauka a kansu. Haske mai ɗan ja ko ruwan ɗorawa ya fi ratsa ƙoƙon kai fiye da mai shuɗi-shuɗi. Ka riƙe wannan, domin zai yi maka amfani wajen sayen ƙwan fitila.

Masu kiwon tantabara ma suna da nasu darasi. Tantabara tana haɗa matsayin rana a sama da agogon jikinta ta gane gabas da yamma. A ƙarshen shekarun 1950, Klaus Schmidt-Koenig na ƙasar Jamus ya tsare tantabaru na wasu kwanaki a ɗakin da aka gusar da safiya da dare da awa shida. Da aka sake su nesa da gida, sai suka karkace da kimanin digiri 90, wato wadda ya kamata ta nufi arewa sai ta miƙe gabas ko yamma. Saboda haka kada ka tsare tantabarunka a ɗakin da fitila ke kwana a kunne.

Sakan da minti a idon tsuntsu

Idon ɗan Adam yana iya rarrabe ƙiftawar haske har kimanin sau 60 a sakan ɗaya. Idan ta wuce haka sai ya ga hasken a tsaye. Binciken da aka yi a ƙasar Suwidin a 2011 ya nuna cewa kaza tana kaiwa kusan sau 90, wani kuma na 2016 ya nuna cewa wasu ƙananan tsuntsaye masu cafke ƙwari a iska suna kaiwa sama da sau 140. Ma'ana, abin da ya wuce maka kamar walƙiya, tsuntsu yana ganinsa dalla-dalla. Wannan ne ya sa kama zabo da hannu ke da wuya. Haka kuma fitilar da ta fara lalacewa tana rawa, ko wadda ƙarfin janareta ke hawa da sauka da ita, ta fi damun tsuntsu fiye da yadda take damunka.

Tsuntsu yana kuma auna jira. A 2015 aka wallafa gwajin da ƙungiyar Irene Pepperberg ta yi a Amurka da wani aku mai jan wutsiya da ake kira Griffin. Akan ajiye masa abincin da yake so, a ce ya jira, idan ya haƙura a ba shi wanda ya fi so. Ya riƙa haƙura har tsawon minti 15. Tun kafin nan, a 1998, Nicola Clayton da Anthony Dickinson sun gwada wasu tsuntsaye dangin hankaka masu ɓoye abinci. An ba su tsutsa da gyaɗa suka ɓoye. Idan aka bar su su koma bayan awa 4, sai su nufi tsutsa domin sun fi son ta. Idan kuwa bayan awa 124 ne, sai su nufi gyaɗa, domin sun koyi cewa zuwa lokacin tsutsa ta ruɓe. Wato tsuntsun ya tuna abin da ya ɓoye, da inda ya ɓoye, da tsawon lokacin da ya wuce.

Kalandar shekara

Tsuntsayen ƙasashen sanyi suna gane watannin shekara ta tsawon yini. A birnin Landan yini yakan wuce awa 16 a watan Yuni, ya sauko ƙasa da awa 8 a Disamba. William Rowan ya tabbatar da tasirin haka a ƙasar Kanada a shekarun 1920, inda ya ƙara wa wasu ƙananan tsuntsaye haske da fitila a tsakiyar hunturu, suka shiga shirin haihuwa alhali ana tsananin sanyi. A kan wannan sani aka gina tsarin haske na gidajen kaji na zamani.

A nan Abuja lamarin ya sha bamban, domin muna kusa da tsakiyar duniya. Yini mafi tsawo, a watan Yuni, kimanin awa 12 da minti 40 ne. Mafi gajarta, a Disamba, kimanin awa 11 da minti 35. Bambancin bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. A Kano ya ɗan ɗara haka, kusan awa ɗaya da rabi. Saboda haka tsuntsayenmu suna haɗa wannan ɗan bambanci da wasu alamu: saukar ruwa, fitowar ɗanyar ciyawa, da yawaitar gara da fara da sauran ƙwari.

Bugu da ƙari, wasu suna da kalanda a cikin jikinsu. Eberhard Gwinner ya kai wasu ƙananan tsuntsaye daga ƙasar Kenya zuwa Jamus, ya ajiye su shekaru da dama a ɗakin da tsawon yini da zafi da abinci ba sa canjawa. Duk da haka suka ci gaba da shiga yanayin haihuwa da sauya gashi bi da bi, kusan sau ɗaya a shekara. Idan ka dubi shamuwa za ka ga irin wannan kiyaye lokaci. Tana isowa ƙasar Hausa da farkon damina ta yi sheƙa, idan kaka ta yi ta koma gabashi da kudancin Afirka inda damina ke farawa. Jan-baki kuma, abokin gabar manomin gero da dawa da shinkafa, yana bin sawun ruwa ne ya yi sheƙa inda ciyawa ta fitar da ɗanyen iri.

Kaji masu ƙwai

A nan ne wannan sani ya fi kawo kuɗi. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 a cikin kaza. Farin ƙwai yana haɗuwa cikin kimanin awa uku, ɓawo kuwa yana cin kusan awa 20, kuma galibin aikinsa da dare ake yi. Shigowar duhu ce ke saita lokacin da gwaiduwa ta gaba za ta sauko. Wannan ne ya sa mafi yawan ƙwai da safe ake yinsa. Kaza takan ɗan jinkirta kullum, har ta kai yamma, sai ta huta kwana ɗaya ta sake farawa da safe.

Kajin gidan gona, irin su ShikaBrown da aka samar a Shika kusa da Zariya, suna bukatar haske na awa 14 zuwa 16 kafin su ba da ƙwai gwargwadon ƙarfinsu. Rana a Abuja ba ta kai wa haka, sai an cike da fitila. Ga ƙa'idoji biyu da ba a ƙetarewa:

1. Kada a ƙara tsawon haske ga kajin da ke tasowa, kafin su isa yin ƙwai.
2. Kada a rage tsawon haske ga kajin da suka fara ƙwai.

Ga yadda za ka bi da su:

• Makon farko: ka ba 'yan tsaki haske na awa 22 zuwa 23 domin su gane abinci da ruwa. Ɗan duhun da ya rage yana koya musu kada su firgita su danne juna ranar da aka ɗauke wuta.
• Daga mako na biyu: ka riƙa rage haske a hankali, har zuwa mako na shida ko na takwas su koma kan hasken rana kaɗai.
• Mako na 17 zuwa 18: ka auna nauyinsu. Idan jajayen kaji sun kai kimanin kilo ɗaya da rabi, ka fara ƙara haske da rabin awa kowane mako har ya kai awa 16. Idan ba su kai ba, ka dakata ka gyara abinci.
• Bayan nan: ka tsaya a kan awa 16 har ƙarshen kiwo. Misali, a kunna fitila da ƙarfe 4:30 na asuba har gari ya waye, a sake kunnawa kafin magariba, a kashe da ƙarfe 8:30 na dare.

Ka lura, faɗuwar rana a Abuja tana gusawa tsakanin kimanin ƙarfe 6:05 a Nuwamba da kusan ƙarfe 7:00 a Yuli. Don haka kunnawar yamma da kashewar safe ka dubi sama, amma kunnawar asuba da kashewar dare ka dubi agogo.

Wanda ya yi gaggawar ƙara haske ga sagarun da ba su yi nauyi ba zai sami ƙananan ƙwai, wasu kuma hanyar ƙwai ta zazzago musu, 'yan'uwansu su yi ta caccaka har su mutu. Wanda kuma ya bar fitila ga sa'a, yau awa 16 gobe awa 12, kajinsa za su ɗauka yini yana raguwa, ƙwai ya ja baya, wasu su fara zubar da gashi, alhali suna cin abinci kamar kullum. Idan ba ka da tabbacin wuta, gara ka tsaya a kan awa 14 da za ka iya riƙewa kullum da ka nemi awa 16 da ke yankewa. Fitilar sola mai batir, haɗe da ɗan agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, tana magance wannan matsala.

Game da ƙarfin haske, ka durƙusa daidai tsayin kaza a lungun da ya fi duhu. Idan za ka iya karanta jarida, hasken ya isa. Ka rataye fitilu a tsayin kimanin mita biyu, tazarar mita uku tsakani, ka zaɓi masu hasken ruwan ɗorawa. Haske mai tsanani yana jawo caccakar juna. Da hunturu ƙura takan rufe ƙwan fitila ta cinye haske, sai a riƙa gogewa kowane mako.

Tun da ɓawo da dare ake gina shi, ka ba da kaso mafi yawa na abinci da la'asar, tare da dakakken ɓawon kawa ko farar ƙasar kaji mai tsakuwa-tsakuwa. A watannin zafi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, hasken asuba yana ba kaji damar ci da sanyin safiya. Ka kwashe ƙwai aƙalla sau biyu kafin azahar, sau ɗaya da yamma.

Kajin nama

Wasu masu kiwo sukan bar fitila dare da rana domin kajin nama su yi ta ci. Bayan makon farko wannan yana cutar da su. Kazar da ba ta barci ta fi saurin ciwon ƙafa da mutuwar farat ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta 2007 ta wajabta ba su duhu na awa shida a kowace rana, huɗu daga ciki a jere. Kai ma ka ba su awa huɗu zuwa shida, kuma lokacin kashe fitila ya zama ɗaya kullum. Cikin 'yan kwanaki za ka ga sun koyi cika ciki da shan ruwa kafin duhu.

Zabi da kajin gida

'Yar'uwa mai kiwon zabi, kin san ƙwan zabi da damina yake cika kasuwa, da rani kuma ya yi wuya. Zabuwa tana fara ƙwai ne idan yini ya ɗan ƙara tsawo, ruwa ya sauka, ciyawa da ƙwari suka wadata, wato daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Satumba ko Oktoba. A Faransa, inda ake kiwon zabi a rufe da fitila da abinci mai gina jiki, ana samun ƙwansu a kowane lokaci na shekara. Ke ma za ki iya tsawaita lokacin ƙwai idan kika wadata su da ruwa da ɗanyen ganye da gara ko dusar kaji masu ƙwai tun kafin damina da bayanta. Zabuwa takan yi ƙwai daga hantsi zuwa tsakar rana, don haka ki tsare su har azahar su yi a gida, kada su kai daji. Ki riƙa watsa musu hatsi a lokaci ɗaya kowace yamma, za su riƙa dawowa da kansu.

Ki rubuta ranar da kika sa wa kaza ƙwai. Na kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida 35, na tantabara 17 zuwa 18. Idan za ki haɗa ƙwan zabo da na kaza a ƙarƙashin uwa ɗaya, ki fara sa na zabo, bayan mako ɗaya ki ƙara na kaza, domin su ƙyanƙyashe tare. In ba haka ba, uwar za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar ƙwan zabo ya huce.

Aku da sauran tsuntsayen keji

A littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne ke raba dare yana ba da labari. Akun gaskiya kuwa barci yake so. Asalinsa dazuzzukan kudu ne, kamar na Kuros Riba da yankin Neja Delta, inda dare da yini suke kusan daidai duk shekara. Garke yakan tashi daga makwanci da sassafe ya tafi neman 'ya'yan itatuwa da kwakwar manja, ya dawo da almuru.

A gidajen Abuja sau da yawa keji yana falo, inda talabijin ke aiki har tsakar dare, ko a baranda ƙarƙashin fitilar tsaro. Tsuntsun da ba ya samun isasshen barci yakan yawaita ihu da cizo, kuma rashin barci yana cikin abubuwan da ke sa shi tsige gashin jikinsa. Matan ƙananan tsuntsayen keji kuma, idan haske ya yi musu tsawo, sukan yi ta zuba ƙwai ko babu namiji har ƙarfinsu ya ƙare. Don haka:

• Ka ba shi duhu da shiru na awa 10 zuwa 12, misali daga ƙarfe 7:00 na yamma zuwa 6:30 na safe. Ka mai da keji ɗakin da ba a zama, ko ka lulluɓe shi da mayafi mai shigar iska.
• Abinci da wanka da fitowa daga keji su kasance a kan kari. Aku yana haɗa agogon jikinsa da alamun gida, kamar kiran salla da ƙarar ƙofa da dawowar yara daga makaranta, ya san abin da ke tafe.
• Idan za ka yi tafiya, ka sa wanda zai kula da shi ya fara tun kana nan, kuma ya bi lokutan da aka saba.
• Ka bar shi ya sha hantsi, amma da inuwar da zai koma.

Akwai wani lissafin lokaci da ya rataya a wuyanka. Aku mai jan wutsiya yana iya shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum, don haka ajiye shi alkawari ne da zai iya kaiwa ga 'ya'yanka. A daji kuwa yawansa ya ragu ƙwarai saboda kamu da sare dazuzzuka. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Kada ka sayi wanda aka kamo, wanda yake hannunka kuma ka riƙe amanarsa.

Ga malaman gona

Idan manomi ya kawo kukan raguwar ƙwai, bayan ka bincika cuta da abinci da ruwa da zafi, ka tambaye shi: Ƙarfe nawa ake kunna fitila, ƙarfe nawa ake kashewa? Wa ke da alhakin yin haka? Kwana nawa aka yi babu wuta a makonni biyun da suka wuce? An sauya lokacin ba da abinci? Ka ziyarci gidan kajin da dare ka ga hasken da idonka. Ka kuma koya masa rubuta awannin haske a gefen adadin ƙwai na kowace rana. Bayan wata ɗaya shi da kansa zai ga yadda suke tafiya tare.

Kammalawa

Ɗan'uwa manomi, abinci ne ya fi cin kuɗi a kiwon kaji, amma haske da kiyaye lokaci su ke sa kuɗin abincin ya dawo. Ka tsayar da lokacin kunna fitila da na kashewa, ka tsayar da lokacin abinci, ka ba kowane tsuntsu rabonsa na duhu. Domin ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinka, ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Babban Birnin Tarayya da ke Gwagwalada, ko likitan dabbobi mafi kusa da kai. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a kiwo.